Kafin ka sayi tsohon gida don zuba 'yan haya

Jama'a, duk mai shirin sayen tsohon gida don haya, kada ya je dubawa da rani. Ka bari sai watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Lokacin ne za ka ga inda kwano ke yoyo, da bangon da ya sha danshi har fenti na ɓarewa daga ƙasa, da ko layin na cika da ruwa. Dillali ba zai faɗa maka ba, la'adarsa yake hange.

In gidan gado ne, nan ake yin hattara. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, magada duka su sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu. Mutum ɗaya ya tashi ya ce ba da yawunsa aka sayar ba, kun shiga shari'a ke nan, haya kuma ta tsaya. In gidan na da shaidar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya suna. A Kano, KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta jihar, ake zuwa a bincika.

Wajen gyara, rufi tukuna, sai banɗaki da sokawe, sai wayar wuta. Kowane sashe da mitarsa, don rigimar kuɗin wuta tana korar ɗan haya nagari. Tayil da fenti su jira.

In kuɗi bai kai ba, ni dai adashi na fi so. Mai gudun kuɗin ruwa ya leƙa bankunan Musulunci irin su Jaiz, amma ya lissafa ko hayar shekara za ta ɗauki biyan.