Yadda Ake Shirya Ziyarar Alfarma Zuwa Birnin Kyoto na Japan

A yawancin manyan biranen duniya, in aljihunka na da nauyi ƙofa da kanta take buɗewa. Kyoto ba ta bin wannan tsarin. Akwai masaukan da ɗakunansu ba su kai ashirin ba, kuma watanni kafin lokaci an riga an kama su. Akwai gidajen da ko nawa ka ɗauko ba za a shigar da kai ba sai wani da suka sani ya tsaya maka. Birnin ya kasance mazaunin sarakunan Japan daga 794 har 1868, kuma har gobe da ɗabi'ar mutanen fada yake tafiya. Wanda ya san yadda ake neman iso a fadar Kano ko ta Damagaram zai gane abin da nake nufi. Kuɗi na da amfani ƙwarai, amma shiri da wuri, sammako da ladabi su ke sa ka ci moriyarsu. Ga yadda nake ba da shawarar a bi.

Mataki na ɗaya: tsayar da wata

Lokuta biyu ne kowa ke rububi: ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu da furen itacen ceri na Japan, wato sakura, ke buɗewa, da tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa da ganyayen itatuwa ke rikiɗa su yi ja jawur. A lokutan nan farashin masauki yakan yi tashin gwauron zabo, don haka ka kama ɗaki aƙalla wata shida kafin tafiya. Ni na fi son Nuwamba, domin furen sakura ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, ruwan sama da iska na dare ɗaya kuma sukan kakkaɓe shi.

Ka kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin dogon hutun Japanawa, da kuma tsakiyar Agusta. Yuli akwai zafi mai gumi, amma a cikinsa ake bikin Gion Matsuri wanda ya samo asali tun 869, inda ake jan manya-manyan kekunan katako da aka ƙawata a ranakun 17 da 24 ga wata. Kwana biyar shi ne mafi ƙarancin abin da zan ce ka ware wa birnin.

Mataki na biyu: biza da hanya

Mai fasfon Najeriya na buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Japan na Abuja. Za a so ganin jadawalin tafiyarka rana bayan rana da shaidar masauki, shi ya sa ake fara kama ɗaki. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Dubai ko Santambul. Kyoto ba ta da filin jirgin sama nata. In ka sauka a filin Kansai da ke kusa da Osaka, jirgin ƙasa na Haruka zai kai ka cikin kimanin minti 75. In ta Tokyo ka shigo, jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen mai suna Nozomi na yin tafiyar cikin kusan awa biyu da kwata. Ka sayi kujera a taragon manya da ake kira Green Car. Akwatin da tsawo da faɗi da kaurinsa suka haura santimita 160 a haɗe sai an kama masa kujera ta musamman, gara ka ba otal su aika maka da shi, yawanci washegari yake isa.

Japan na gaban Najeriya da Nijar da awa takwas. Ranar farko kada ka sa komai a jadawali, ka bar jiki ya daidaita.

Mataki na uku: raba kwanakinka tsakanin otal da ryokan

Nan ne mutane ke kuskure. Ryokan masauki ne na gargajiya: ɗaki shimfiɗe da tabarmar tatami, ƙofofin takarda masu zamewa, katifa a ƙasa wadda ake shimfiɗawa bayan cin abincin dare. Tawaraya ya haura shekara 300 yana karɓar baƙi, Hiiragiya da ke daura da shi an kafa shi a 1818, Hoshinoya na unguwar Arashiyama kuwa a kwale-kwale ake kai baƙo. Ana lissafin kuɗin ryokan ne kan kowane mutum, yawanci har da abincin dare da karin kumallo.

Shawarata ita ce kwana biyu a ryokan, sauran a babban otal kamar Ritz-Carlton da ke bakin kogin Kamo, ko Four Seasons, ko Aman da aka buɗe a 2019. Dalilina: ryokan na da lokutansa, abincin dare kan fara da misalin ƙarfe shida ko bakwai kuma yakan ɗauki awa biyu, wanda ke nufin dole ka dawo gida da wuri. Shi kuwa otal yana da ma'aikacin da aikinsa shi ne nemo wa baƙo wuri a gidajen abinci da sauran wuraren da ba sa amsa wayar wanda ba su sani ba. Ka rubuta masa tun wata biyu kafin ka taso.

Abubuwa kaɗan ka riƙe. Takalmi a bakin ƙofa ake barin sa, silifas ɗin da za a ba ka ma ba a hawa tatami da shi, don haka ka taho da safa masu kyau da yawa. Rigar yukata da ake ba baƙo a ryokan ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama. Akasin haka ga mamaci ake yi. Wurin wanka na gama-gari tsirara ake shiga, saboda haka ka nemi ɗaki mai wurin wankansa a ciki tun wajen kamawa. Ba a ba da tukuici, in ka miƙa ma za ka jefa ma'aikaci cikin kunya. Birnin na karɓar harajin kwana, wanda daga Maris 2026 ya kai yen 10,000, kuɗin Japan, kan kowane mutum a dare ɗaya a masaukai mafi tsada. Alƙibla kuma yamma take, ta ɗan karkata arewa, saɓanin gabas ɗin da muka saba.

Mataki na huɗu: gyara zancen abinci tun kana gida

Abincin alfarma na Kyoto shi ne kaiseki, jerin ƙananan kwanuka da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da kakar ta ba da. Yawancinsa kifi ne da ganyaye, naman alade bai cika shiga ba. Inda matsalar take shi ne giyar shinkafa da ake kira sake da wani ruwan zaƙi mai suna mirin, wanda shi ma da barasa a ciki, kuma kusan kowane romo ana ɗiga su. Ka rubuta a fili cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, har da wadda ake girki da ita, ka ambaci sake da mirin da sunansu. Wani mai girkin zai yarda ya canza, wani zai ba ka haƙuri. Abin da ba sa so shi ne ka zauna sannan ka faɗa, domin tun safe aka yi cefanen kwanonka. Kuma in ka kama wuri ba ka je ba, kuɗin za a cire.

Za ka yi mamakin ganin awara a kan teburin manya. Kyoto ta shahara da ita. A kewayen haikalin Nanzen-ji ana dafa ta a ruwan zafi cikin tukunyar ƙasa, tana da laushi kamar kindirmo, ba a soya ta ba balle a barbaɗa yaji. Akwai kuma shojin ryori, girkin malaman addinin Buddha wanda ba nama ba kifi, ana samun sa a cikin harabar haikalin Tenryu-ji. Shi ma ka yi tambayar mirin.

Sai turare. Ranar da na fara zuwa cin kaiseki na fesa turarena kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi a gida. Matar da ta tarbe mu ta durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa da mai yi mana tafinta, aka canza mana wurin zama zuwa wani ɗaki na gefe. Daga baya na fahimci cewa ƙamshin romon da na shinkafar ɓangare ne na abin da sauran baƙi suka biya kuɗi dominsa. A ajiye turare da humra a ranar kaiseki da ranar shan shayi.

Mataki na biyar: yi sammako

Babu abin da kuɗi zai saya maka a Kyoto da ya kai fita bayan sallar asuba. Fushimi Inari, wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, da aka kafa a 711, ba a rufe shi dare da rana kuma ba a biyan ko sisi. Dubban ƙofofin katako ja ne jere kamar rumfa har saman dutse mai tsayin mita 233. Da hantsi ba ka iya ɗaga ƙafa don cunkoso, da sassafe kuwa sai kukan hankaki da takun ƙafarka. In ka juyo za ka ga rubutu baƙi a bayan kowace ƙofa: sunan ɗan kasuwa ko kamfanin da ya ba da ita da ranar da aka kafa ta. Haikalin Kiyomizu-dera na buɗewa ƙarfe shida na safe. Ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne, kuma dandamalinsa mai tsayin kusan mita 13 an harhaɗa shi ba tare da ƙusa ba.

Wata safiyar ka fara da Ryoan-ji, lambun farin tsakuwa mai duwatsu 15 da aka jera ta yadda daga inda kake zaune ba ka ganin su duka a lokaci guda. Daga nan ka wuce Kinkaku-ji da ke buɗewa ƙarfe tara, ginin da aka lulluɓe hawa biyunsa na sama da zinare. Asalinsa na 1397 ne, an ƙona shi a 1950, aka sake gina shi a 1955. Minti arba'in sun ishe shi. Fadar Nijo ta 1603 ta fi cancantar lokacinka: katakon ƙasanta na yin ƙara kamar kukan tsuntsu duk inda aka taka, kuma a nan ne shugaban mulkin soja na ƙarshe ya bayyana mayar da mulki hannun sarki a 1867.

Gidan sarauta na Katsura ana neman izinin ziyararsa ta shafin intanet na hukumar kula da gidan sarkin Japan. Haikalin Saiho-ji mai lambun gansakuka shi ma sai da rajista, kuma ziyararsa na haɗe da kwafar nassin addinin Buddha, ka san da wannan kafin ka biya. A sauran wuraren ba wanda zai ce ka rusuna ko ka yi wata ibada. Ka rage murya, ka ba masu bauta hanya.

Wuri biyu da safe sun isa. Ka ɗauki hayar tasi na yini da direba mai jin Turanci. Ƙofar baya direban ke buɗe ta daga mazauninsa, kada ka ja.

Mataki na shida: ba masu sana'a yammacinka

Wannan ne ɓangaren da ya fi shiga raina. Unguwar Nishijin ta masaƙan alharini ce, kana tafiya a lungu kana jin bugun masaƙa ta bayan katanga. Akwai marina masu aiki da baba, wanda duk ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane warin tun daga ƙofa, haka zai gane yadda ƙyalle ke fitowa kore daga ruwa ya koma shuɗi da iska ta buge shi. Rinin ɗaurinsu ana kiransa shibori, ƙulle-ƙullen ƙanana ne kamar ƙwayar gero, duk da hannu.

Turaren wuta kuma suna da ilminsa na musamman mai suna kodo. Itacen oud ne dai da muke saye da tsada, amma ba sa ƙona shi ya yi hayaƙi. Ana binne garwashi a toka, a ɗora ɗan siririn faranti, a sa ɓarɓashin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ka rufe kofin da tafin hannu ka shaƙa a hankali. Shagon Shoyeido ya haura shekara 300 a wannan sana'a, kuma tsaraba daga can za ta faranta ran uwargida.

Ka sa otal ya shirya maka zaman shayi na ku kaɗai. Za a fara ba ka ɗan kayan zaƙi, ka cinye shi kafin shayin. Ka karɓi kwanon da hannu biyu, ka ɗan juya shi don kada ka sha ta fuskarsa.

Mataki na bakwai: Gion

Geiko na unguwar Gion da ɗalibansu maiko mata ne masu fasahar rawa da kiɗa da hira, shekaru suke yi suna koyo. Gidajen da suke aiki ba sa karɓar baƙon da ba a gabatar da shi ba, don haka ta hannun ryokan ko otal ɗinka za ka bi, ka kuma sanar cewa shayi za ku sha. Hanya mafi sauƙi ita ce tikitin Miyako Odori, wasan rawar da suke yi a Afrilu, wanda aka fara a 1872. In ka haɗu da ɗaya a titi, aiki za ta, kada ka tare ta ko ka bi ta da waya. Tun 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, kuma a 2024 aka hana masu yawon buɗe ido shiga wasunsu. Ka tsaya kan babban titin Hanamikoji da almuru, lokacin da ake kunna fitilun takarda a ƙofofin gidaje, daga nan ka gangara bakin rafin Shirakawa da ƙafa kafin lokacin abincin darenka ya yi.