Darasi na 9: Kile ya lalace, wurin wa za a kai shi?

Kile shi ne ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta a zuba takardu da hotuna. Mu nan Garwa daga Faransanci muka ɗauko sunan, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuwa filash suke ce masa. Bai kai yatsa tsawo ba, amma wani duk takardunsa suna ciki: takardar haihuwa, hoton katin ɗan ƙasa, takardun makarantar yara.

Wata ɗalibar ajinmu, mai ɗinki a Yelwa, ta je a buga mata takardun ɗanta. Da aka soka kilen, sai kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, wato a share duk abin da ke cikinsa ya koma kamar sabo. Ta wuce wani shago ta miƙa wa yaron da ke ciki.

"Ɗana, kilen nan ya ƙi buɗewa, a gyara mini."

"An gama, Hajiya."

Ko minti biyu bai yi ba ya miƙo mata. Kile yana buɗewa sarai, amma fayau, ba ko hoto ɗaya. Yaron bai cuce ta da gangan ba. Gyara aka ce masa, ya kuwa gyara. Gyaran kile daban, ceto abin da ke cikinsa daban. Saboda haka kafin ka miƙa, faɗi da bakinka: "Kayan ciki nake so, kada a yi fomat."

Ga abin da ya sa. Idan aka goge fayil, ko aka yi fomat irin na sauri, abin bai tafi nan take ba. Kamar ɗakin haya ne da aka cire sunan mai shi daga littafi, amma kayansa na ciki har ranar da sabon ɗan haya ya shigo. Sabon ɗan hayan shi ne duk abin da ka ƙara zubawa. Abin da ya ƙarasa ɓata wa Hajiya lamari ke nan: da ta ga wuri ya samu, a daren jikanta ya cika shi da waƙoƙi. Da an bar shi yadda yake, da an tsamo mafi yawan takardun. Da zarar ka ga matsala, zare shi ka ajiye.

Lalacewar ma iri-iri ce. Mafi sauƙi ita ce cutar kwamfuta da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar alamu masu 'yar kibiya a madadinsu. Kayanka na nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma duk wanda ya san kwamfuta zai fito da su. Wanda aka goge kuwa da manhaja ake nemo shi. Akwai na kyauta irin su PhotoRec da Recuva, don haka kuɗin da za ka biya ladan aiki ne da lokaci. Ka sani PhotoRec yakan dawo da fayiloli ba sunayensu na asali, sai ka zauna ka tantance ɗaya bayan ɗaya.

Idan kilen ya karye ko ya sha ruwa, magana ta canza. Wanda ya jiƙe kada a soka shi, a bar shi a inuwa kwana biyu ko uku ya bushe, ba a kan garwashi ba. A cikin kile akwai abu biyu masu muhimmanci: ma'ajiya, inda kayan suke, da ɗan guntun da ke sarrafa shiga da fita. Idan bakin ƙarfen ne kawai ya ɓalle, mai gyaran waya mai natsuwar hannu zai iya liƙe shi da dalma. Idan guntun mai sarrafawa ne ya ƙone, sai an ciro ma'ajiyar an karanta ta da na'ura ta musamman. Wannan ba aikin bakin kasuwa ba ne, watakila sai an tambaya har Yawunde ko Duwala, kuma kuɗinsa ya ninka na sabon kile sau da yawa. Kafin ka aika, yi lissafi. In takardar haihuwa ce kawai, neman wata a ofishin magajin gari zai iya fi maka arha.

To, yaya ake gane mai aikin kirki? Ni abin da nake fara dubawa shi ne ko yana tambaya. Wanda ya ce "me ya same shi, yaushe, wa ya taɓa shi bayan nan, me aka ƙara zubawa?" ya san aikinsa. Wanda ya karɓa yana rantsuwa komai zai dawo tun bai soka ba, karɓi kayanka ka yi gaba. Shi mai tambayar kuwa, sai ka tambaye shi inda zai zuba abin da ya samo. Amsar da ake so ita ce a kan kwamfutarsa ko wani kile dabam, domin zubawa a kan wanda ya lalace tana danne sauran da ba a kai ga tsamowa ba. Gwanaye ma sukan fara kwafe kilen gaba ɗaya, su yi aikin a kan kwafin.

Ku yi ciniki tun farko: nawa ne dubawa, nawa ne in an samu, nawa ne in ba a samu ba. Kada ka tura kuɗi duka ta Orange Money ko MoMo sai ka gani da idonka. Ganin suna a jere bai isa ba, ka ce a buɗe maka takardu uku ko huɗu, don fayil kan dawo da suna amma cikinsa a lalace. Kuma akwai sirri. Hoton iyalinka da katinka yanzu suna kwamfutar wani. Zauna kusa in zai yiwu, in an gama a goge kwafin a gabanka.

Akwai kilen da ba mai iya cetonsa, shi ne na jabu. An rubuta 64 GB a jikinsa alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Abin da ya haura haka bai zauna ko'ina ba, sunan kawai ake nuna maka.

Aikin gida: rubuta jimlar da za ka faɗa wa mai shago kafin ka miƙa masa kile. Sannan ka lissafa takardu uku da ke cikin naka, ka rubuta wani wuri na biyu da za ka ajiye kwafinsu a wannan makon. Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa mu karanta tare.