Yadda za ka gyara fahimtar karatu da nahawunka a jami'a

Ɗalibai da yawa in sun karanta shafi sau uku ba su gane ba sai su ce ai kansu ne ba ya ja, alhali galibi abin daga gidan da mutum ya taso ne, da irin hirar da kunnensa ya saba ji, da abokan da yake yawo da su.

Da farko dai ka san harshen hira daban, na littafi daban. Masanin nan Jim Cummins ya nuna yaro kan kama sabon harshe na hira cikin kamar shekara 2, amma na karatu sai ya ci shekara 5 zuwa 7. To don kana zuba kamar rediyo ba shi ne ka iya rubuta asaimen ba.

Na biyu, kuma wannan shi ne babba a ganina, kafin ka buɗe handawut ka nemi sanin kan maganar tukuna. A 1988 wasu masu bincike biyu, Recht da Leslie, sun ba yara a Amurka labarin wasan besbol su karanta, sai ga masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen da ba su san shi ba ganewa. Kenan wanda ya taso ana hirar siyasa ko kimiyya a gidansu ya riga ka nisa tun kafin a shiga lakca, kai kuma sai ka cike giɓin da kanka, ka kalli ɗan bidiyo na minti goma ko ka tambayi wani na gaba da kai a aji, sannan ka zauna karatun.

Sai ka duba kalmomi. Binciken masanin harshe Paul Nation ya nuna sai ka san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ka gane shi ba wahala. In shafi ya cika da baƙin kalmomi, sauka kan littafi mai sauƙi a fannin, ba abin kunya ba ne.

Nahawu kuwa ka kula da waya, kada wannan guntule kalmomi a WhatsApp ya bi hannunka har takardar jarabawa. Kullum ka rubuta sakin layi ɗaya cikakke, ka karanta shi da ƙarfi kunnenka zai kamo kuskuren, sannan ku haɗu ku uku kuna musayar rubutu kuna gyara wa juna. Masu cewa kana iyayi ka ƙyale su.

In kuma ka taso inda ba a yi wa babba tambaya, rubuta tambayar a takarda ka tari lakcara da ita bayan an tashi.