Koyon Faransanci Ta Hanyar Kallon Fim: Shawarwari Ga Sababbin Zuwa Faransa

Duk wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya san wani matashi da ke jin Indiyanci alhali bai taɓa zama gaban malamin Indiyanci ba. Fim ne ya koya masa. Abin da ake mantawa shi ne, fim ɗaya ya kalla sau ashirin, har ya kai yana riga jarumin faɗin maganarsa. Maimaicin ne ya zama karatu. Wanda ya sauka Faransa ya ɗauka cewa kallon sabon fim kowane dare zai buɗe masa kunne, zai shekara yana shan labari, harshen kuwa yana nan inda ya bar shi.

Sababbin zuwa iri biyu ne. Akwai ɗan Nijar ko Kamaru da ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, yana karanta jarida, yana rubuta wasiƙa ba kuskure, amma mai karɓar kuɗi a kanti ta yi masa magana ya tsaya yana kallonta. Akwai kuma ɗan Najeriya ko Gana da bai wuce "bonjour" ba. Na farkon ya fi cin moriyar fim nan take, domin matsalarsa ta kunne ce: Faransancin da malami ya koyar a aji daban yake da wanda ake yi a titin Paris ko Liyon. A baki, "je ne sais pas" yakan koma "chais pas", "il y a" ya koma "y a", "tu as" ya koma "t'as". Kalmar "ne" ta korewa kusan kullum haɗiye ta ake yi, kuma "on" ta ture "nous" a hira. Na biyun kuwa sai ya haɗa da aji, domin fim ba ya koya wa mutum harshe daga tushe. Shafin koyon Faransanci na TV5MONDE kyauta ne, yana da gajerun bidiyo da aka jera bisa matakan iya harshe, daga A1 na ɗan koyo, zuwa A2 da B1 da B2, RFI kuma tana da labarai na minti goma cikin sauƙaƙan Faransanci. A fara da waɗannan wata biyu ko uku kafin a taɓa dogon fim.

Sai an gane alamomin da ake rubutawa gefen sunan fim. VF na nufin an ɗora muryar Faransanci a kan fim ɗin wata ƙasa, kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya fassarar Hausa. VOST ko VOSTFR na nufin an bar muryar asali, an sa rubutun Faransanci a ƙasan hoto. Da yawa sukan sayi tikitin VOST na fim ɗin Amurka, su zauna awa biyu suna jin Ingilishi, su fito suna ganin sun yi karatu. Abin da mai koyo ke nema shi ne fim ɗin Faransa da rubutun Faransanci, kuma wannan ana samunsa ne a ƙarƙashin SME, wato rubutun da aka tanada domin kurame. Wata doka ta 2005 ta wajabta wa manyan tashoshin talabijin su riƙa sanya shi, don haka yana nan a akwatin talabijin da manhajar france.tv, maɓalli kawai za a danna. Launukansa ma suna da ma'ana: fari na wanda ake gani yana magana, rawaya na wanda ba ya cikin hoton, ja na ƙarar wani abu kamar buga ƙofa, kore na wani harshe daban.

Kada rubutun ya ruɗe ka idan bai yi daidai da abin da ka ji ba. Layi biyu kawai ake ba shi, kuma dole ido ya gama karantawa kafin hoto ya wuce, shi ya sa ake datse magana. Kunnenka ba laifi ya yi ba.

Ga yadda aikin yake. Kalli fim ɗin gaba ɗaya sau ɗaya don jin daɗi da sanin labari, ko da da rubutun Ingilishi ne ko na Larabci. Daga nan ka zaɓi fitowa guda ta minti biyu zuwa uku, wadda mutum biyu ke magana a wurin da kai ma kake shiga: kantin burodi, ofis, asibiti, teburin abinci. Saurare ta ba rubutu, ka ƙirga abin da ka kama. Sake saurare da rubutun Faransanci, ka tsaya duk inda abin da ka ji ya saɓa da abin da ka karanta, domin a nan darasin yake. Ka rubuta jimla biyar, kada su wuce haka, kuma cikakkun jimloli, ba kalmomi a warwatse ba. Sannan ka kashe rubutun, ka riƙa bin ɗan wasan da baki, kana kwaikwayon hawa da saukar muryarsa kamar mai biya allo. Rabin awa ya isa. Washegari ka fara da fitowar jiya kafin ka ɗauki sabuwa. Idan maganar ta yi sauri a rage gudun bidiyon zuwa 0.75, ƙasa da haka murya takan narke, ta daina kama da ta mutane. Manhajar VLC, wadda ɗalibai suka ƙirƙira a Faransa, tana iya maimaita yanki guda tsakanin wuri biyu har sai ka gaji.

Wurin bin baki ne Bahaushe zai gamu da tsohon abokin gabarsa, wato P da F. A Hausa ba mu raba su, a Faransanci kuwa "pain" burodi ne, "faim" yunwa; "port" tashar jiragen ruwa, "fort" mai ƙarfi. Haka V da B: "vin" giya, "bain" wanka. Ga bambancin: P rufe leɓe ne a sake shi da bugu, F kuwa haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. Fim yana da amfani a nan saboda ana ganin bakin mai magana kusa. Sai wasalin U, wanda ya raba "dessus" da "dessous", sama da ƙasa: ka shirya harshe kamar za ka ce "i", ka tsuke leɓe kamar mai fito. R ɗin da ke tsorata Turawan Ingila kuwa, wanda ya yi makarantar allo ya riga ya samu rabinta, don kusa take da harafin غ.

Zaɓen fim shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, saboda sunayen da suka fi shahara ba su ne masu sauƙi ba. La Haine na 1995 cike yake da zagi da zaurancen unguwannin bayan gari. Bienvenue chez les Ch'tis na 2008, wanda sama da mutum miliyan 20 suka kalla a sinima, dariyarsa duk a kan karin harshen arewacin ƙasar take, wanda su kansu Faransawan kudu ba sa ganewa a cikin labarin. Mai koyo ya ajiye su sai gaba. Être et avoir na 2002 ya fi dacewa da farawa: wani malami ne da ƙananan yara a makarantar ƙauye mai aji ɗaya, yana magana a hankali, yana maimaitawa. Fatima na 2015 labarin wata uwa ce mai aikin shara da ke fama da harshen yayin da 'ya'yanta suka fi ta iya shi, abin da gidaje da yawa za su gane. L'Histoire de Souleymane na 2024 yana bin wani ɗan Gini mai kai abinci a keke a Paris, kwana biyu kafin ganawarsa ta neman mafaka, kuma a ciki ana jin Faransancin ofis gefe da gefe da na 'yan Afirka ta Yamma. Fim ɗin da aka yi wa VF ma yana da ranarsa: muryar a ɗakin ɗaukar sauti aka yi ta, tana fita tas. Amma ba zai nuna maka yadda Faransawa ke zama da juna ba.

Wannan zaman shi ne rabi na biyu na karatun. Ka sa ido a kan "tu" da "vous". Mu ma muna ce wa babba "ku", don haka abin ba baƙo ba ne, sai dai iyakarsu daban take da tamu: yaro yana ce wa mahaifinsa da kakarsa "tu", amma maƙwabcin shekara goma yana iya zama "vous". A fim, lokacin da mutum biyu suka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya, wani abu ya faru tsakaninsu, ko kusanci ko raini. Ka lura kuma ba mai shiga kanti ya fara da buƙatarsa sai ya ce "bonjour", kuma gaisuwar a nan ta ƙare, ba a tambayar gida da iyali da gajiya. Ka lura da yadda ake gardamar siyasa a teburin abinci, murya ta tashi, a katse juna, sannan a miƙo cuku kamar ba a yi ba.

Akwai maganar da ake koya don a fahimta, akwai wadda ake koya don a faɗa. Zaurancen da suke kira verlan juya kalma ne: "femme" ta zama "meuf", "fou" ta zama "ouf", "louche" ta zama "chelou". Za ka ji kalmomin Larabci irin su "toubib" da "bled" da "kiffer". Ka gane su duka, amma kada ka kai su ofishin takardun zama ko wurin neman aiki. Baƙon da ya haddace zagin 'yan fim yana furta shi da karin harshensa ba ya burge kowa, kuma bai san nauyin abin da ya faɗa ba.

Mai iyali ya yi hattara da alamar "tous publics". A Faransa an fi sa ido kan zubar da jini fiye da tsiraici, don haka fim ɗin da aka ce na kowa ne yana iya nuna abin da ba za ka so ka gani tare da 'ya'yanka ko surukarka ba. A talabijin alamomin su ne 10 da 12 da 16 da 18 a kusurwar hoto. Babba ya fara kallo shi kaɗai, ko ya karanta bayanin fim ɗin a shafin fina-finai na AlloCiné.

Samun fim ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Manhajojin france.tv da arte.tv kyauta ne, kuma an soke harajin talabijin tun 2022. Ɗakin karatu na gari, médiathèque, yana ba da aron faifai. Katin shaida da takardar da ke nuna adireshi ake kaiwa, a wasu garuruwan kyauta, a wasu da ɗan kuɗin shekara. Sababbin fina-finai ranar Laraba suke fita, sannan akwai Printemps du Cinéma a watan Maris da Fête du Cinéma a farkon bazararsu, inda tikiti ya sauko Yuro 5 a shekarun nan. Abin da za a guje wa shi ne ɗabi'ar gida ta sauke fim daga duk inda aka samu. Hukumar Arcom, mai sa ido kan kafafen watsa labarai da intanet, tana bin masu musayar fina-finai ta haramtacciyar hanya, kuma gargaɗin yana zuwa ne ga mai sunan layin intanet, wato sau da yawa ɗan'uwan da ya sauke ka a gidansa. Idan aka ci gaba, tarar tana iya kaiwa Yuro 1,500.

Daga Janairun 2026 ana neman matakin A2 kafin katin zama na shekaru, B1 kafin katin shekara goma, B2 kafin zama ɗan ƙasa. Jarrabawar DELF, wadda ke ba da shaidar waɗannan matakan iya Faransanci, kashi huɗu ce, saurare da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi guda ya faɗi ko da sauran sun yi kyau. Fim zai ɗaga maka saurare da magana, rubutu kuwa ba ruwansa, musamman a harshen da ake rubuta haruffan da ba a furtawa. Jimloli biyar ɗin nan na kowace rana, ka sa wani ya yi maka shiftarsu a ƙarshen mako, ka gwada da abin da ke littafinka.