Inda ɗalibai ke tuntuɓe a darasin bakan haske

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, ɗaliban fiziks a Katsina wuri ɗaya suke tuntuɓe a darasin bakan haske, wato jerin launukan da ke fitowa idan aka warware haske. Sun haddace cewa bakan gizo launi bakwai ne, sai su rubuta cewa a rarrabe yake. Ba haka ba ne. Masanin kimiyya Newton ne ya kasa shi bakwai, amma daga shunayya zuwa ja, wato daga kusan nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), babu inda hasken ya yanke. Shi ne baka mai haɗe.

Gyaran shi ne ka daina ƙirga launi, ka tambayi abin da ya fitar da hasken. Ƙarfen da ya yi jawur a maƙera, ko zaren tsohon ƙwan lantarki, daskararren abu ne mai zafi, don haka bakansa a haɗe yake. Iskar gas marar kauri kuwa, idan aka zafafa ta, layuka kawai take bayarwa da duhu a tsakaninsu. Haidirojin layi huɗu ido ke gani: nanomita 656, 486, 434 da 410. Masanin fiziks Bohr ya bayyana dalilin a 1913: ilektiron, ɗan ƙwayar da ke cikin atom, yana hawa da sauka ne kamar a matakala, ba ya tsayawa tsakanin mataki biyu, kuma kowace saukowa da nata layin. Akwai wasu layukan da ido ba ya kai musu, kada ka ce huɗun ne ke nan.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne rikita layin fitarwa da layin tsotsewa, domin nan maki ke zubewa a banza. Barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, za ka ga ruwan ɗorawa: sodiyom ne ke fitar da haske a nanomita 589. A bakan rana kuwa, daidai wannan wurin baƙin layi ne, saboda sodiyom ɗin da ke sararin rana mai ƙarancin zafi ya tsotse shi. Masani Fraunhofer ya zana waɗannan baƙaƙen layuka tun 1814. Ka ga ke nan ko hasken rana ba haɗaɗɗe zalla ba ne.

Samu tsohon faifan CD, ka karkata shi ga ƙwai mai zare, sannan ga dogon farin ƙwan nan mai merkuri. Na farko launukan a narke suke cikin juna, na biyu sai ka ga sun tsaya daban-daban. Rana dai kada ka kalle ta kai tsaye, ko ta cikin faifan.