Yadda zaka auna gudun intanet ɗinka da na modem ɗin da

Duk wanda ya shiga siber a Garwa ko Marwa wajen farkon shekarun 2000 ya san wannan kukan da modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, ke yi kafin ya haɗu, kiii kurrr shhh, kana zaune kana kallon agogo kuɗin awa na tafiya shafi bai gama buɗewa ba. Yaran yanzu in ka basu labari sai su ɗauka ƙari kake. To ga yadda zaka yi lissafin da kanka, wayarka kawai ta isa, kuma lissafin zai maka amfani ranar da rezo ya fara ja maka rai.

Abu na farko ka rarrabe bit da bait, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kamfanonin waya da bit suke faɗin gudu, shi ne Mbps ɗin da kake gani, wato miliyoyin bit a daƙiƙa, amma girman hoto ko bidiyo ko forfe ɗin da ka saya da bait ake ƙirga shi, wato MB ko Mo yadda ake rubutawa da Faransanci. Bit 8 ne ke yin bait 1. Don haka duk lambar gudun da aka baka ka raba ta 8, abin da ya fito shi ne ainihin abin da ke sauka wayarka a daƙiƙa ɗaya.

Yanzu ka riƙe lambobin da. Modem na Bell 103 da AT&T ta fitar a Amurka a 1962 bit 300 yake yi a daƙiƙa, kusan haruffa 30 kenan, mai saurin karatu zai iya bin rubutun da ido yana fitowa. A hankali aka kai 9,600, sai 14,400 a 1991, sai 28,800 a 1994, a 1998 aka tsayar da tsarin V.90 wanda shi ne 56k ɗin da kowa ya sani, wato bit 56,000 a daƙiƙa ko 56 kbps. Shi ma 56 ɗin a takarda ne, layin tarho in yana da ƙara sai ka ga 40 da wani abu ko ƙasa, tura abu daga wajenka kuma baya wuce 33.6. Kuma muddin kana kan intanet layin gidan ko ofis ɗin ya toshe, mai kira sai dai ya haƙura.

Sai ka auna naka. Ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka kashe duk wani abu da ke sauka a bayan fage, WhatsApp musamman da bidiyoyin gurup, ka bari lambar ta tsaya. Kar ka yarda da gwaji ɗaya, ka yi da sassafe ka sake bayan isha'i lokacin da duk unguwa ke kan eriya ɗaya, bambancin zai baka mamaki. Amma ka kula, gwajin nan da kansa yana cin data sosai in rezo na da ƙarfi, kar ka yi ta maimaitawa da ƙaramin forfe na yini.

A ce ka samu 10 Mbps, wato 10,000 kbps. Ka raba da 56, ya baka kusan 178, ma'ana ka ninka modem ɗin nan sau 178. Amma ni na fi son a yi lissafin da abin da ake gani. Hoton biki guda na 3 MB, a 56k ana samun kilobait 7 a daƙiƙa, to kilobait 3,000 na hoton raba 7 ya kai minti 7 kenan don hoto ɗaya tak. A 10 Mbps kuwa 1.25 MB ke sauka kowace daƙiƙa, kafin ka ƙirga uku ya gama. Da modem ɗin 1962 hoton nan sai ya ci awa 22. Giga ɗaya da wasu ke ƙonewa a dare guda a TikTok, a 56k sai an yi wajen awa 40 layi bai yanke ba ko sau ɗaya, a 10 Mbps minti 13 da ɗoriya.

Inda lissafin nan ya fi amfani a wajenmu shi ne in ka bar gari. Ka kama hanyar Kuseri ko ka shiga ƙauyukan bayan Mokolo, sai ka ga 4G ta koma H, daga nan ta koma E a saman wayar. E ɗin nan EDGE ne, a aikace 100 zuwa 200 kbps yake bayarwa, wato modem ɗin 1998 sau biyu ko uku kawai. Sai dai shafukan wancan lokaci rubutu ne da ƴan hotuna ƙanana, na yanzu kuwa shafi ɗaya yakan haura 2 MB saboda tallace-tallace da bidiyo, shi ya sa a kan E zaka ji kamar ma modem ɗin da ya fi, kayan ne suka yi wa jakin yawa. In ka ga E kar ka ɓata lokaci kana kashe waya kana kunnawa, ka tura saƙon rubutu ko gajeren saƙon murya, ka kashe saukar hotuna da kansu a WhatsApp, ka koma Facebook Lite, bidiyo ka bar shi sai ka dawo inda 4G take.

Haka in ka ƙetara gadar Ngeli zuwa Njamena ka sa sim ɗin Airtel ko Moov, ka yi gwajin nan a can ma ka rubuta lambar kusa da ta MTN ko Orange ɗinka, kowace ka raba ta 8 kafin ka yanke shawarar forfe ɗin da zaka saya.