Yadda ake shafa wa irin waken suya garin ƙwayoyin raizobiyom kafin shuka

Toh jama'a, duk wanda yake noman waken suya a wajajen Garwa, Ngong har zuwa Tuboro a arewacin Kamaru ya san inda kuɗinsa ke tafiya, taki ne ke cinye su. Shi ya sa nake so in yi bayani kan wani baƙin gari da ake sayarwa a ɗan leda, wanda malaman gona ke kira inokulan. Da mutane sun ji an ce fasahar halittu sai hankalinsu ya tafi kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a Najeriya a 2019 mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso. Wannan wani babi ne daban. Shi garin nan ba ya taɓa halittar irinka ko kaɗan, wasu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani, sunansu raizobiyom, aka raino su a ɗakin bincike aka zuba su cikin gari.

Aikinsu kuwa abin mamaki ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato sinadarin nan da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga iska da kansa. Su waɗannan halittu sai su shiga saiwar waken, su yi 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa su zauna a ciki, waken yana ba su abinci su kuma suna kamo masa naitirojin. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka kenan. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan ya ware wannan ƙwaya, yau kuma manyan gonakin waken suya na Barazil da ita suka dogara maimakon yuriya.

Farko dai sayen. Ka duba ledar ka tabbata na waken suya ne, don na waken suya daban yake, kar ka saya ka ce za ka shafa wa masara ko dawa, asarar kuɗi ce kawai. Ka duba ranar lalacewa. Sannan ka duba inda mai shago ya ajiye shi, in ka ga ledar a kan tebur rana tana dukanta tun safe, wallahi ka wuce abinka, mushe zai sayar maka. Akwai mai suna Nodumax da cibiyar IITA ta Ibadan ke yi, akwai wasu kuma, in ba ka san inda za ka samu ba ka tambayi malamin gona na yankinku ko mutanen IRAD, wato cibiyar binciken noma ta Kamaru, suna Garwa suna Marwa. In ka kawo gida, mai firigo ya sa a ciki amma ban da wajen ƙanƙara, wanda ba shi da shi ya ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi.

Ni shekarar farko a nan na yi kuskure. Na sayo na jefa ƙarƙashin sirdin babur, na tsaya kasuwa, na tsaya gaisuwar rasuwa, sai la'asar na isa gida ledar ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Na shafa na shuka, ban ga wani bambanci ba, na dinga cewa yaudara ce kawai irin ta 'yan boko. Ashe ni na kashe abina da hannuna.

Ranar shuka, kuma sai ranar shuka ba jajibiri ba, bayan an yi ruwa ƙasa ta jiƙa sosai, ka samu inuwa ka zauna da sassafe. Kana buƙatar roba babba mai tsabta wadda ba a taɓa dama maganin feshi a ciki ba, da ruwa, da abin da zai sa garin ya manne. Mu nan Allah ya hore mana ƙaro, ka jiƙa ɗan kaɗan a ruwan ɗumi ya narke ka bari ya huce sarai, in babu ƙaro sukari ma yana yi. Ruwan rijiya ko na sama ya fi, na famfo mai warin jabel, wato maganin tsabtace ruwa, yana kashe ƙwayoyin. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 10 na gari ga kilo 1 na iri, kaga leda mai giram 100 ta kilo 10 ce kenan, kar ɗaya kuwa, wato rubu'in hekta, yakan ci kilo 12 zuwa 15, amma dai abin da aka rubuta a jikin ledarka shi za ka bi.

Ka zuba irin a roba, ka yayyafa ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan kana juyawa har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. A nan mutane ke ɓata aiki, suna tuttula ruwa kamar za su yi awara, alhali fatar waken suya ba ta da ƙwari, da ta sha ruwa sai ta yamutse ta saɓule kuma irin da ya saɓule ba zai fito ba. Danshi kawai ake so. Sai ka barbaɗa garin ka ci gaba da juyawa a hankali har irin ya yi baƙi-baƙi duka, ka baza a kan buhu cikin inuwa na ɗan lokaci ya sha iska, ka ɗauka ka tafi gona a rufe. Wanda ka haɗa ka shuke shi a ranar, kuma kana zubawa a rami kana rufewa, kar yara su bar iri a fili rana ta gasa shi. In gonar da yawa ka riƙa haɗawa kashi-kashi.

Maganar taki. Kar ka gauraya irin da takin zamani a roba ɗaya, kuma kar ka ce tunda ka sa inokulan shikenan ka huta. Naitirojin kaɗai suke bayarwa, waken yana nan yana son fosfaros, wato taki irin su supa ko TSP, kuma ƙasarmu da yawa ta gaji ta wannan fannin. Yuriya ce za ka janye, don in waken ya samu naitirojin a banza sai ya yi kasala ya ƙi yin ƙullin, ka biya sau biyu ka ci sau ɗaya.

Abin da nake so kowa ya yi, kar ka yarda da maganata haka kawai. Ka bar layi biyar ko shida a gefe da irin da ba a shafa wa komai ba, su za ka fara shukawa kafin hannunka ya taɓa garin, ka kafa turke ka yi alama. Dalili kuwa, irin waken suya masu suna TGx da ake yawan nomawa an zaɓo su ne don su iya ƙulla zumunci da raizobiyom ɗin da ke cikin ƙasarmu tun asali, saboda haka a wata gonar bambancin zai fito fili, a wata kuma kaɗan ne, musamman inda aka daɗe ana noman waken.

In ya kai kamar sati shida ya fara fure, ka ɗauki fartanya ka haƙo gindi biyu daga kowane ɓangare, kar ka fizge da hannu ƙullin zai tsinke a ƙasa. Ka wanke saiwar a ruwa ka ƙirga, sannan ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda kamar ɗanyen nama, suna aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi ko sun riga sun tsufa. Bara da na fasa nawa a gaban maƙwabcina ya ɗauka ciwo ne ya kama saiwar, har yana ce min "Malam, ka nemi magani tun da wuri", sai da muka haƙo na layin gefe ya ga 'yan ƙwaya uku ƙanana, sannan ya yi shiru ya ce in ajiye masa ledar ya ga sunan.

In ka girbe kar ka ƙone karan da ganyen, ka bar su a gonar, baɗi ka sa masara ko dawa a wurin.